Tambayi Likita: wai da gaske mutum zai iya komawa cikin mafarki ya gano ɓarawo?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin tambayoyi huɗu suka zo min kuma duk fim ɗaya ne ya jawo su, wani fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Lucid Dream da ya fito a 2017, wanda Kim Joon-sung ya bada umarni. Ga wanda bai kalla ba, labarin wani ɗan jarida ne mai tona asirin manya, Go Soo ne ya fito a matsayinsa, aka sace masa ɗa a wajen wasan yara, shekara uku shiru ba labari, shine ya je wajen wata likitar ƙwaƙwalwa tana sa shi barci yana komawa wannan ranar a mafarki yana duba fuskokin mutanen wajen ko zai gane wanda ya ɗauke yaron, daga baya har ya kai ga shiga mafarkin wani mutum daban. Sai da na kalle shi har ƙarshe sannan na zauna amsawa.

Wani ɗalibi daga Zariya yace: Likita dan Allah da gaske ne mutum zai iya sanin mafarki yake yi alhalin yana barci, ko dai ƙaryar fim ce?

Ɗana wannan ɓangaren kam gaskiya ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa suna lucid dream tun 1913, mu dai mu kira shi mafarkin sane. Barcinmu zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, kuma a ciki akwai wani mataki da ido ke ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, a jami'ar Chicago aka gano shi a 1953, mafi yawan mafarkai masu labari a nan ake yinsu. A wannan matakin ƙwaƙwalwa na saki jijiyoyin jiki ne gaba ɗaya ta yadda hannu da ƙafa basa motsi, amma ido yana nan da ikonsa, toh da wannan ƙofar aka kama gaskiyar abin. A 1975 wani mai bincike Keith Hearne a jami'ar Hull ta Ingila ya yi alƙawari da wani mutum cewa in ya gane mafarki yake ya juya idonsa hagu da dama, hagu da dama, kuma na'ura ta nuna ya yi hakan yana tsakiyar barci, daga baya wani mai binciken, Stephen LaBerge, ya tabbatar da shi a jami'ar Stanford ta Amurka. A 2021 ma masu bincike a Amurka da Jamus da Faransa da Holan sun yiwa masu barci tambayar lissafi, irin 8 a cire 6, wasu suka amsa daidai da motsin ido sau biyu basu farka ba. Kusan rabin mutane ko sama da haka kaɗan sun taɓa yin irin wannan mafarkin ko da sau ɗaya a rayuwa. Kuma in ka lura mafarkin barcin bayan sallar asuba yafi tsawo yafi zama a kai, dalili shine wannan matakin na motsin ido yafi yawa a ƙarshen dare.

Wani ɗan kasuwa daga Kano yace: an ɗauke min jakar kuɗi a shago ana cikin cinkoso, akwai mutum uku da nake zargi ciki harda yarona. Zan iya koyon abin nan in koma ranar in ga fuskar wanda ya ɗauka? Ko in shiga mafarkin yaron?

Alhaji Allah ya mayar maka da alheri, amma dan girman Allah kada ka bi wannan hanyar, a nan ne fim ɗin ya rabu da ilimin likitanci gaba ɗaya. Fim ɗin ya ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kyamarar tsaro ce, komai ido ya gani an ajiye sai dai a dawo da shi baya a kalla. Ba haka Allah ya halicce ta ba. Abin da hankalinka bai kai kansa ba a lokacin yawanci bai ma shiga ajiya ba, wanda ya shiga kuma duk sanda ka tuno shi sabon gini ake yi, ana cike gurbi da zato da abin da ka ji daga bakin mutane. Wata masaniyar halayyar ɗan adam a Amurka, Elizabeth Loftus, ta nuna wannan tun 1974, an nunawa mutane hoton bidiyon hatsarin mota iri ɗaya, aka canza kalma ɗaya kawai a tambayar da aka musu, waɗanda aka cewa motocin sun ragargaji juna sai suka faɗi gudu mafi yawa, bayan sati ɗaya wasunsu har cewa suke sun ga fasasshen gilashi alhalin babu shi a bidiyon. Wannan fa a farke kenan. Toh ina ga mafarki, inda ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa mai tantance gaskiya da ƙarya ya rage aiki, inda zaka ga gidanku na ƙauye ya haɗe da tashar mota kuma baka ga wani abin mamaki ba?

In ka kwanta da zargin yaronka a zuciya wallahi akwai yiwuwar shi zaka gani riƙe da jakar, kuma zaka tashi da yaƙinin da ba zai girgizu ba, alhalin zuciyarka ce ta zana maka shi. Ka ga an ɓata sunan ɗan mutane kenan a kan abin da ba hujja ba. Maganar shiga mafarkin wani kuwa babu wata na'ura ko magani da ke yin haka. Mafi kusa da aka kai shine wani bincike a Kyoto ta Japan a 2013, aka sa mutum uku a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana tashinsu sau ɗaruruwa suna faɗin abin da suka gani, har kwamfuta ta koyi cankar ko mota ce ko mutum ko gini, kuma cankar ma kusan 60 cikin 100 take dacewa. Ba fuska, ba suna. Ka nemi shugabannin kasuwa da 'yan sanda, a duba ko maƙwabtanka nada kyamara. Fassarar mafarki kuma fagen malamai ne, su ma sun karantar damu cewa akwai mafarkin da zancen zuci ne kawai.

Wata 'yar uwa daga Damagaram tace: na gwada dabarar yin mafarkin sane da na gani a intanet, ina sa agogo ya tashe ni tsakar dare in koma barci, sai gashi dannau ya fara kama ni, ina ji ina gani bana iya motsi kamar an zauna min a ƙirji. Ƙawata tace akwai ƙwaya da ake sha dan yin mafarkin.

Ƙanwata ki kashe agogon nan daga yau. Dannau shine wancan sakin jijiyoyin da na faɗa a sama, hankali ya riga jiki farkawa, sai ki ji nauyi a ƙirji wani lokacin har ki ga kamar inuwar mutum a ɗaki saboda guntun mafarkin bai gama wucewa ba. Su ma Koriyawan sun san shi, gawi nullim suke ce masa. Yana da ban tsoro amma baya kisa, daga 'yan daƙiƙu ne zuwa minti kaɗan, numfashinki kuma yana tafiya ko da kina jin kamar ya tsaya. Yanke barci da rashin isashen barci da kwanciya rigingine sune manyan masu jawo shi, kin ga dabarar taki ta haɗa biyu. Ki dinga kwanciya a gefe, ki samu awa 7 zuwa sama, in ya zo ki maida hankali kan motsa ɗan yatsa ɗaya kina addu'a a zuci. In kuma barci na fizgarki da rana ba shiri ko gwiwarki na saki in kin yi dariya, wannan ki zo asibiti.

Ƙwaya kuma a'a. Wadda aka yi bincike a kanta sunanta galantamine, maganin ciwon mantuwa ne na tsofaffi, tana sa tashin zuciya da amai kuma tana iya rage bugun zuciya. Su diazepam da Exol da tramadol da yaranmu ke sha kuwa lalata tsarin barcin suke yi, ƙarshenta a kamu da jaraba.

Ta ƙarshe daga wani bawan Allah ce daga Zamfara: Likita ban iya ƙarasa fim ɗin ba. Shekara biyu kenan da 'yan bindiga suka ɗauke ɗana, Alhamdulillah ya dawo, amma har yau kusan kullum sai na yi mafarkin daren, in tashi jiƙe da gumi, yanzu tsoron kwanciya ma nake.

Malam sannu, Allah ya saka muku, ya kiyaye gaba. Saƙonka ya daɗe a raina. Abin da ke damunka ciwo ne sananne da ke biyo bayan tashin hankali, ba raunin imani bane kuma ba hauka bane, sojoji da waɗanda suka tsira daga hatsari suna yinsa, alamominsa sun haɗa da maimaituwar mafarkin, zabura in an buga ƙofa ko an ji ƙarar babur, da gudun duk abin da zai tuna maka, kamar yadda ka kashe fim ɗin, kuma kayi daidai da ka kashe.

Akwai magani, kuma wani ɓangarensa da mafarkin kansa ake yi. Da rana kana cikin natsuwa zaka ɗauki mafarkin ka canza masa tafiya yadda kake so, misali an buga ƙofa ka buɗe sai ka ga ɗan'uwanka ne ya zo da baƙi, sai ka dinga kawo wannan sabon a ranka minti 10 zuwa 20 kullum, da yawa cikin 'yan makonni suke ganin mafarkin ya ragu ko zafinsa ya sauka. Tunda naka yayi nauyi haka nafi so ka fara shi tare da likitan ƙwaƙwalwa, ba kai kaɗai ba. Akwai kuma maganin sha irin prazosin da ke taimakon wasu, amma yana saukar da jini ya sa jiri, sai likita ya auna ka tukuna. Kaje da duk magungunan da kake sha a duba, domin irin su propranolol na hawan jini da mefloquine na zazzaɓin cizon sauro da efavirenz na cutar ƙanjamau suna ƙara munanan mafarkai, kada dai ka daina ko ɗaya da kanka. Addu'o'inka na kwanciya ka riƙe su, basa karo da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna duk suna ganin irin wannan, in sun maka nisa ka fara da babban asibitin da ke kusa su tura ka. Kuma in zaka je ka tafi da yaron a duba shi, ka tambayi mahaifiyarsa ma yadda nata barcin yake.