Tambayoyinku: WhatsApp ya cika, puli na rawa bisa aksi, waya na zahi

Salamu alaikum jama'a. Satin nan akwai wata tambaya da ba ta waya ba ce ko kaɗan, amma ita ta hi ci min rai, shi ya sa za ku ga na daɗe kanta.

Wata Hajiya daga Bukoki, Yamai: Malam waya ta kullum tana cewa wuri ya cika, hoto ma ba ta ɗauka.

Hajiya ki shiga WhatsApp, Paramètres, Stockage et données, Gérer le stockage, ki goge manyan bidiyo. Na san na biki ne, biki guda gurup huɗu sun turo miki shi. Ki kashe saukewa da kanta, an gama.

Wani mai injin niƙa daga Tawa: Malam ka yi haƙuri, na san kai na waya ne. Pulin injina yana kaɗawa bisa aksi, kle ɗin ya cinye, mai walda ya ɗinke shi sau biyu yana tsagewa. Yarona ya nuna min a YouTube wani zobe mai bulo kewaye da ke riƙe puli ba tare da kle ba. Gaskiya ne ko ƙaryar intanet ce?

Alhaji gaskiya ne, kuma ka sai ma yaron nan kuredi don ya hi mai waldar taka tunani. Wallahi ba abin da ke ɓata min rai kamar in ga an walda puli bisa aksi. Zahin walda yana lanƙwasa aksi ko da ido bai gani ba, yana canza ƙarhen wurin ya zama mai saurin tsagewa, rulman da ke kusa ya sha wuta, kuma ranar da rulman nan ya mutu ta ina za ka hidda shi? Sai a ɗauko guduma. Guduma da walda, su ne likitocinmu guda biyu, kowace cuta su ake kira.

Shi kle, ɗan guntun ƙarhen nan da ke kulle puli da aksi, tun asali yana da rauni. Ana yanke rami cikin aksi don a zaunar da shi, wato an rage ƙarhe daidai wurin da ƙarhi ke bi. In ɗan wasa ya shiga tsakani, duk tada inji sai puli ya doki kle, kle ya doki bakin rami, ramin na ƙara buɗewa. Wannan jan garin kamar tsatsa da kake gani bakin puli ba ƙurar Tawa ba ce, ƙarhenka ne ke niƙa kansa.

Zoben da yaro ya gani kuwa, ka san yadda kofunan shayi biyu ke maƙalewa in an danna ɗaya cikin ɗaya har sai an sha wuya a raba su? To haka yake. Zobba ne masu gangare, in ka ɗaure bulo sai su hau juna, na ciki ya matse aksi, na waje ya buɗe ya tokare cikin puli. Matsi ne da gogayya ke riƙewa, kewaye gaba ɗaya, ba wuri guda ba kamar kle. Babu wasa, babu rami, kuma kana iya matsar da puli gaba ko baya har kuruwa ta daidaita kahin ka ɗaure. Akwai wani iri da ke zama daga waje ya shaƙe wuyan puli bisa aksi, da Faransanci firet suke ce mishi, irin shi ake sa ma manyan injinan iska masu ba da kuran. Ringfeder na Jamus da Tollok na Italiya sun yi suna wajen ƙera su, na Sin ma sun cika duniya. Kada a ruɗe ka da Taper Lock, shi ma mai gangare ne amma galibi da kle ake sa shi.

Yanzu inda mutanenmu za su ɓata abin. Lambar zoben biyu ce, misali 30x55 ko 40x65 ko 50x80, ta hwarko kaurin aksi a milimita, ta biyu hwaɗin ramin puli. Ke nan dole mai tur ya buɗe ramin pulinka, kuma in naman pulin siriri ne, balle in na font ne, wato ƙarhen zubi mai saurin hwashewa, matsin zoben zai iya hwasa shi. Aksin da walda da kle sunka cinye shi ma ba zai yi ba, sai an gyara shi a tur ya yi sumul, ko a canza. A auna da abin awo na gaskiya, ba da ido ba, ba da zare ba. Ka ɗauki hoton awon da waya kahin ka aika Katako ko Kano a nemo, kullum ina hwaɗa muku hoto ya hi "kamar irin wancan".

Wajen sawa, a goge tas, a shafa ɗan mai mara kauri, kada a kuskura a sa baƙin giris mai moli (wani sinadarin ƙara santsi) tsakanin zobe da aksi, santsi za shi yi ya zame. Bulo kuma ba a ɗaure ɗaya har ƙarshe a koma na gaba, ana yi ne wannan sai na ƙetarensa, kaɗan kaɗan, a kewaya sau da yawa har kowane ya kai adadin da takardar zoben ta rubuta. Ƙaramin bulo M6, mai kaurin milimita shida, wajen 14 zuwa 17 Nm (ma'aunin ƙarhin ɗauri) yake so, ba ƙaton yaro ya zura paip a kle na ɗaure bulo ya hau da ƙahwa ba. Kle mai awon ɗauri ake nema, in ba ka da shi ka aro gareji. Ranar hiddawa akwai ramuka masu zare da anka bari musamman, ka kwance bulo ka maida wasu can, zoben zai saki da kansa. Gudumar ka bar ta gida.

Tsada? Ya hi kle tsada, ba musu. Amma ka lissafa aksi nawa ka saya da kwana nawa mata sunka koma da hatsinsu.

Wani ɗan kabu-kabu daga Harobanda: waya ta na zahi har ta mutu da kanta.

Ƙanena, ka ɗaure ta bisa kan moto cikin ranar Afrilu, tana caji, GPS kunne, cikin baƙar roba. Ni ma da na mutu. Sa ta aljihu, caji kuma a inuwa.