Amsar Goggo kan durƙusa wa manya

'Yata, saƙonki ya iso, an karanta mini har sau biyu. Wai yaronki ɗan shekara huɗu ya ƙi durƙusawa in zai gaida manya, maigidanki kuma ya ce a ƙyale shi, don ya ji wasu malamai na cewa risinawa ga ɗan Adam ba ta halatta ba, shin ki tilasta masa ko ki bar shi? Na yi dariya da farko, sai kuma jikina ya yi sanyi. Yau durƙuson ma sai an nemo masa fatawa.

Mu dai babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yau za a koya muku gaisuwa. A shekarar 1973, shekarar da naira ta shigo aka daina kirga fam da sule, aka yi fari mai tsanani, gero bai yi ba a ƙauyuka da yawa. Da ƙaramar Sallah Baffa, yayan mahaifinmu, ya zo Kano daga ƙauye a bayan babbar mota, rigarsa duk ƙura, da ɗan ƙullin gero da bai cika kwano biyu ba. Mahaifinmu, kakanki, a lokacin yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, yana da yaran shago, shi ake kawo wa gaisuwa. Ya sha babbar riga da rawani zai fita kallon hawan Sarki Ado. Da aka ce masa ga Yaya a zaure, tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya tattare rigar nan mai aiki, ya durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba. "Yaya, an zo lafiya? Yaya mutan gida? Yaya muka ji da wannan shekara?" Bai ɗago ido ba, bai miƙe ba sai da Baffa ya ce, "Tashi mana." Geron nan da hannu biyu ya karɓa, ya yi ta godiya. Muna laɓe a soro muna leƙe. Hawan ma ranar bai je ba, ya zauna suka ci tuwo a akushi ɗaya, bai taɓa nama ba sai da Baffa ya tura masa. Bayan wannan wa zai ce mana mu gaida Baffa a tsaye?

Inna takan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Takan kuma ce ɗa na kowa ne, shi ya sa in ka wuce maƙwabciya ba gaisuwa, kafin ka iso gida labarin ya riga ka. Yanzu kun shige gidaje masu get, wanda ya tsawata wa yaro sai uwarsa ta fito da mayafi a hannu. Kin kira ni a waya kwanan baya, ina jin talabijin na ta ƙara, kika ce "Goggo ya kike" kamar ƙawarki, mijin nawa kuma, wato yaron naki, yana gefenki yana ji. Da aka ba shi wayar na kira sunansa, "eh" ya ce mini, ba "na'am" ba. Wannan ya fi damuna fiye da gwiwarsa.

Maganar halas da haram ta malamai ce, ku tambayi limaminku. Abin da na riƙe tun makarantar allo shi ne Manzon Allah (SAW) ya ce ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba, bai kuma san girman babbanmu ba. Kada ki doke shi, ɗan shekara huɗu ne. Ki fara da karɓar abu da hannun dama, da sallama kafin shiga ɗaki, ke ma da safe ki gaida babansa yana gani.

Ki kawo mini shi in an yi hutu ya kwana biyu a nan. Ki gaida maigidan, ki ce masa tun Sallar layya bai leƙo ni ba.