Me ya sa furen da na danne a littafi ya yi baƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni kyautar furannin wardi, na so in adana su don tunawa. Na sa su a tsakiyar wani babban littafi, na ɗora kaya masu nauyi a kai. Bayan sati biyu na buɗe, sai na tarar sun yi baƙi, har fumfuna ta fito ta ɓata min shafuka. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Danshi ne ya ɓata miki aiki. Yawancin nauyin ɗanyen fure ruwa ne, kuma abin da ake nema a wannan aiki shi ne ruwan ya fita da wuri, kafin ruɓa ta kama. Nauyin da kika ɗora shimfiɗa furen kawai yake yi, takarda ce ke shan ruwan. Idan ta jiƙe aka bar ta a haka, furen na kwance cikin laima a wurin da iska ba ta shiga, ita kuwa fumfuna abin da take so ke nan.

Ga shi kuma kin fara da fure mai wahala. Wardi yana da kauri, gindinsa cike da ruwa, fallayensa sun rufe juna. Ki tsaga shi gida biyu da reza, ko ki cire fallayen ɗaya bayan ɗaya ki danne kowanne daban, daga baya ki jera su yadda kike so. Mai koyo gara ya fara da furanni marasa kauri masu falle ɗaya, da siraran ganyaye. Idan daga lambu za ki tsinko, ki bari sai hantsi, bayan raɓa ta bushe, ki zaɓi wanda bai daɗe da buɗewa ba. Furen da ya fara yaushi ba ya gyaruwa a cikin takarda.

Ki shimfiɗa furen tsakanin farar takarda marar sheƙi guda biyu, ki sa tsofaffin jaridu sama da ƙasa, sannan kwali, sannan nauyi. Kada furanni su taɓa juna. Takarda mai sheƙi ba ta shan ruwa, tishu mai zane kuma yakan bar shatinsa a jikin falle. Abin da mutane suka fi mantawa, wanda kuma a wurina shi ne rabin aikin, shi ne canjin jaridun: kullum a kwana uku ko huɗun farko, daga nan sai bayan 'yan kwanaki. Farar takardar da furen ke kwance a kai ki bar ta, don a lokacin yana da laushi, kina ɗaga shi zai yage. Yawanci sati biyu zuwa huɗu ya isa. Idan kin taɓa kin ji sanyi-sanyi, da saura. Wanda ya gama zai bushe ƙayau.

Masu gaggawa kan yi amfani da dutsen guga, a rage wuta sosai, a kashe tururi, a dinga ɗorawa na 'yan daƙiƙoƙi ana ɗagawa. Yana yi, amma ban cika so ba, don zafi kaɗan ya wuce kima sai launin ya ƙone.

Batun launi kuwa, ki sa a ranki zai sauya. Ja yakan yi duhu, fari yakan koma ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa da ruwan lemo su suka fi riƙe kamanninsu. Gwargwadon saurin bushewa, gwargwadon launin da zai rage miki, shi ya sa nake nanata canjin takarda.

Idan an yi shi daidai, yana daɗewa fiye da yadda ake zato. Luca Ghini, malamin tsirrai ɗan Italiya a ƙarni na 16, shi ake dangantawa da fara adana busassun tsirrai a jikin takarda don karatu. Tarin da ɗalibinsa Andrea Cesalpino ya haɗa a 1563 yana nan har yau a birnin Florence. Abin da ake tsare irin waɗannan daga gare shi shi ne haske, laima da ƙwari, naki ma haka.

Don haka ki ɗauki furen da hantsaki, ki manna shi da ɗigon farin gam. Ki guji salatif, yana yin ja yana ɓata takarda. Idan za ki sa a firam na gilashi, ki rataye a bangon da rana ba ta duka. Idan kin ga alamar ƙwari, ki rufe shi ruf a leda, ki sa a firiza kamar sati ɗaya, kada kuma ki buɗe ledar sai sanyin ya sake ta gaba ɗaya, don kada gumi ya kwanta a kan furen.