Jaririyata tana kuka kamar kyanwa, an ce 'yar ruwa ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata watanta huɗu. Kukanta siriri ne kamar na kyanwa, kanta ƙarami, jikinta ba ƙwari, nono ma da ƙyar take kamawa. An yi mata gwajin jini, aka ce ciwon Cri du chat ne. Surukata ta dage wai 'yar ruwa ce, a kai ta wajen mai magani. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya ta. Cri du chat na nufin "kukan kyanwa" da Faransanci. Wani ɗan guntu ne ya ɓalle daga kiromosom na 5, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin jiki, tun ana halittarta a ciki. Likitan Faransa Jérôme Lejeune ya fara bayyana ciwon a 1963, kuma ana samunsa a jariri 1 cikin 15,000 zuwa 50,000. Galibi haka kawai yake faruwa, ba don abin da kika ci ko kika aikata ba. Kusan kashi 10 cikin 100 ne ake samun tushensa a jinin ɗaya daga cikin iyaye, don haka ke da maigidanki ku yi gwaji kafin wani cikin.

Maganar 'yar ruwa kuwa, wallahi ta ishe ni. Kukan nan daga maƙogwaronta da jijiyoyinta yake, kuma yakan ragu idan ta girma. Amma da zarar an ce aljanu, sai a rufe jaririya cikin zane ana turara mata hayaƙi, a toshe mata hanci a yi mata ɗurar jiƙo, a kira wanzami ya cire beli. Yarinyar da haɗiyar nono ke ba ta wuya, ina za ta iya da ɗura? Ruwan sai ya wuce cikin huhu, ya zama nimoniya. In ta rasu, masu maganin su ce ai mutanenta sun ɗauke ta, bayan sun karɓe kuɗinku. Wane irin rashin tsoron Allah ne wannan? Amana ce a hannunku, za a tambaye ku. Addu'a ki yi ta yi, amma kada a zuba mata komai a baki.

Ki shayar da ita kaɗan-kaɗan, kanta a ɗage. In tana yawan ƙwarewa ko numfashinta ya yi sauri, asibiti nan take. A yi mata hoton zuciya, a duba ji da gani, a fara gashin ƙashi tun yanzu. Magana za ta yi jinkiri, don haka ku koya mata nuni da hannu. Yaran nan sukan fahimci fiye da abin da suke iya furtawa.

Ranar ganin likitan yara, ki roƙi surukarki ta raka ki ta ji da kunnenta.