Saƙon da ya ɓace a imel: inda za ka fara dubawa

Jiya da muna rufe shago ka tambaye ni ko saƙon da mutum ya goge a imel yana dawowa, har ka nuna min wata manhaja da ake tallarta wai tana tono shi. To, ga amsarka.

Kafin ka taɓa wayar, ka tambayi mai ita abu biyu: yaushe rabonsa da ganin saƙon, kuma imel ɗin na wane kamfani ne. Aikin nan lissafin kwana ne. Gmail yana barin abin da aka goge a kwandon shara, wanda aka rubuta Trash, na kwana 30, sannan ya share shi da kansa. Yahoo kwana 7 kacal yake bayarwa. Wanda ya zo bayan wata uku, kada ka sa masa rai.

Amma yawancin masu zuwa ba su goge komai ba. Ka tuna Hajiyar da ta zo cikin azumi, hankalinta a tashe, wai takardar ɗaukar aikin ɗanta ta yi layar zana? Yatsa ne ya goga allo. A Gmail na waya, in ka ja saƙo gefe ba gogewa yake ba, ɗauke shi yake daga akwatin gaba ya adana. Ina buɗe All Mail, wato akwatin da ke nuna har saƙonnin da aka adana, sai ga shi a zaune, ko shayina bai huce ba. Sai dai All Mail bai haɗa da Trash da Spam, wato akwatin saƙonnin banza, ba, shi ya sa nake rubuta in:anywhere a wurin bincike, in bi shi da sunan wanda ya aiko. Wannan yana leƙa ko'ina.

In kwandon ma an zazzage shi, aiki ya yi wuya. Google na da fom na neman dawo da saƙonni, musamman ga wanda aka shiga wa akwati, amma sa'a ce, kuma sai an yi da wuri. In imel ɗin na ofis ne ko makaranta da ke kan Google Workspace, wato tsarin Google na ma'aikatu, mai kula da imel ɗin wurin yana da ƙarin kwana 25 da zai iya dawo da saƙon. Tura mai wayar can kawai.

Wanda kuma ya ce saƙonni na ɓace masa kullum, hau kwamfuta ka duba Filters, wato dokokin tace saƙonni, da Forwarding, wato tura saƙonni zuwa wani adireshi. Ɓarawo in ya shiga yakan kafa doka, duk saƙon banki ya wuce kwandon shara kai tsaye, don kada mai akwatin ya farga. Cire ta, sannan ka miƙa masa ya canza kalmar sirri da hannunsa, kai ka kau da kai.

Manhajar nan taka kuwa, cire ta daga wayarka. Saƙon yana ajiye ne a kwamfutocin kamfanin, ba inda manhaja za ta kai ba, kuma kalmar sirrin da take nema ita ce cinikinta. A shagon nan ba ma karɓar ko sisi kafin a ga saƙo da ido.

Gobe da safe, kafin kasuwa ta buɗe, aika wa kanka saƙo biyu. Ka ja ɗaya gefe, ka goge ɗaya, sannan ka nemo min su ina kallo.