Asibitin da ba na riba ba, me ya sa yake karɓar kuɗi?

Malam, ka ce tunda asibitin ba na neman riba ba ne, don me ake biya? Ai rashin neman riba daban, kyauta daban. Rarar kuɗin ce ba ta shiga aljihun kowa. Kwamitin amintattu ke mayar da ita cikin aikin: albashin ma'aikatan jinya, gyaran na'urori, ajiyar jini.

Dubi sashen gaggawa. Dare da rana a buɗe yake, ko da mutum bai leƙo ba likita na zaune, fitilu na kunne. Sau da yawa asara ake tafkawa a wurin, amma can ƙananan asibitocin yankin ke turo mai naƙudar da ta gagara. Kuɗin masu hali da gudummawa ke cike giɓin, har a sassauta wa marar ƙarfi.