Tambaya da Amsa: Mene ne Bambancin "Hybrid", "Crossbreed" da "Mix"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin gona, kuma akwai kalmomin Turanci da suka hana ni sakat a littattafanmu. Duk lokacin da na nemi ma'anar "hybrid", "crossbreed" ko "mix", sai a ce mini "haɗi" ne, alhali malaminmu ba ya yarda a sa ɗaya a gurbin ɗaya. Ina kuma roƙon ƙarin bayani kan "produce" da "distinguish". Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, amin summa amin. Malaminku yana da gaskiya, kuma hanyar da na fi amincewa da ita wajen warware wannan ruɗani ita ce mutum ya tambayi kansa: bayan an haɗa abubuwan nan biyu, shin ana iya sake raba su?

"Mix" ita ce gaurayawa ko cakuɗawa, abin da aka samu kuma shi ne "mixture". Idan kika zuba garin ƙarfe cikin yashi kika juya, kin yi "mixture", amma da zarar kin kawo maganaɗisu kusa, za ki ga ƙarfen yana tsalle yana manne masa, yashin kuma ya zauna inda yake, domin kowannensu bai bar halinsa ba. Idan gaurayawar ta yi laushi har ido ya kasa gane farkon wannan da ƙarshen wancan, kamar launuka biyu na fenti, Bature ya fi son ya ce "blend".

"Hybrid" kuwa ba a kwano ake yin sa ba, haihuwarsa ake yi, don haka babu maganar rabawa. Kalmar ta fito ne daga Latin, inda ake kiran ɗan da aka samu tsakanin aladen gida da na daji da ita. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne alfadari, wanda ubansa jaki ne, uwarsa kuma goɗiya. Doki yana da kuromosom 64, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta, jaki yana da 62, sai alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa da wuya ƙwarai ya haihu. Idan aka juya lamarin, uban ya zama ingarma uwar kuma jaka, Turanci yana da suna dabam ga ɗan, wato "hinny", shi kuwa alfadari "mule" ne.

"Crossbreed" ta fi wannan kusanci, domin yawanci barbara ce tsakanin iri biyu na dabba ɗaya, kamar bijimin Holstein da saniyar Jersey, waɗanda dukansu shanu ne, kuma 'ya'yansu suna haihuwa lafiya lau. Sai dai a fagen tsirrai ana cewa "hybrid" ko da iyayen jinsinsu ɗaya ne, kuma a nan ne nake so ki natsu sosai. Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1866, ya haɗa dogon iri da gajeren iri na wani nau'in wake, zuriyar farko duk ta fito doguwa, amma a zuriya ta biyu sai gajeren ya sake ɓullowa a kusan tsiro ɗaya cikin huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ake gargaɗin manomi kada ya ajiye iri daga masarar "hybrid" don shukar baɗi. Daga baya ma'anar kalmar ta faɗaɗa har ta kai ga mota mai aiki da fetur da lantarki, irin Toyota Prius da ta fito a 1997.

"Produce" kalma ce mai fuska biyu. Idan aka nauyaya gaɓarta ta biyu, aikatau ce mai nufin samarwa ko haifarwa. Idan aka nauyaya ta farko, suna ce mai nufin amfanin gona. Abin da masana'anta ta ƙera kuma "product" ne.

"Distinguish" ita ce rarrabewa ko tantancewa, kuma tana tafiya da "between" ko "from". Kada ki rikita ta da "distinguished", wadda ake yi wa mutum mai martaba da ya yi fice cikin tsara. Idan aka ce miki a jarrabawa "distinguish a mule from a horse", ana so ne ki kawo alamomin da ke raba su, sai ki fara da dogayen kunnuwan alfadari da ƙananan kofatansa, waɗanda ya gado daga jaki.